Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Sarkin da Ya Rubuta Littafi a Kan Basir da Ciwon Ido

Ya ku 'yan uwana mazauna Sabo ta Ibadan, da Agege, da Idi-Araba, da Mile 12, da Sabon Shagamu, da Ama Hausa ta Owerri, da sauran zangunanmu na Kudu. Daga nan Karewa a Jimeta nake miƙo gaisuwa.

Idan aka ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, abin da ke zuwa a ran yawancinmu shi ne doki da takobi da tuta: ɗan Shehu Usmanu, jarumin jihadi, wanda ya gina Sakkwato. Duk wannan haka yake. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika faɗa a wa'azi ko a makaranta ba. Mutumin nan, yana riƙe da daular da ta fi kowace girma a Afirka ta Yamma a zamaninsa, ya samu lokaci ya zauna ya rubuta littafi guda a kan basir, wani a kan ciwon ido, wani a kan ganyen da ke wanke ciki, wani a kan ciwon ƙoda. Na ga ya dace in kawo muku wannan tarihi ku musamman, domin a cikinku akwai dubban mutanen da sana'ar magani ce ke ciyar da su: wanzamai, da masu saiwa da sassaƙe, da masu kemis, ga kuma 'ya'yanku da ke karatun likita da haɗa magunguna a jami'o'in Ibadan da Legas. Wannan sana'a tana da kaka a gidan sarauta, kuma yadda ya riƙe ta akwai abin dubawa.

Tashinsa

An haifi Muhammadu Bello a 1781. Ya tashi a Degel, ƙauyen malamai da ke ƙasar Gobir, inda mahaifinsa ke karantarwa. Gida ne da maza da mata ke karatu, kowa kuma da alƙalaminsa. Ya yi karatu wurin mahaifinsa, da wurin baffansa Malam Abdullahi, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, da wasu malaman jama'ar Shehu. Ya sha Larabci da fiƙihu da tafsiri da hadisi da tarihi tun yana saurayi. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta zo bayansa da kamar shekara goma sha biyu, ita ma a wannan tukunya aka dafa ta.

Yana da shekara 23 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a watan Fabrairu na 1804. Daga nan rayuwarsa ta koma ta sansani. An yi nasara a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, amma kafin shekarar ta fita aka yi mummunan rashi a Tsuntsuwa, inda aka ce mutum wajen 2,000 suka kwanta dama, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. A 1805 aka sake shan wuya a Alwasa. A tsakanin waɗannan yaƙe-yaƙe jama'a sun yi fama da ƙarancin abinci da rashin lafiya, ana ta ƙaura da mata da yara da tsofaffi. Sai a 1808 Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato. A 1812 ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin tarihin da har yau duk mai binciken wannan zamani sai ya bi ta kansa. Da Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka yi masa mubaya'a, ya riƙe sarautar shekara ashirin.

Na jero waɗannan ne don ku ga irin makarantar da ta koya masa darajar lafiya. Wanda ya kwashe ƙuruciyarsa yana ganin masu rauni da masu zazzaɓi a sansani ba ya buƙatar a gaya masa cewa al'umma ba ta tsayuwa da marasa lafiya.

Littattafan magani

Masu ƙididdigar rubuce-rubucen Larabci na ƙasar nan sun lissafa masa littattafai da risaloli sama da ɗari. Daga ciki akwai rukuni guda na ɗibbu, wato ilimin magani. Wasu na gaba ɗaya ne, kamar Al-Mawaridun Nabawiyya fil Masa'iliɗ Ɗibbiyya da Ujalatur Rakib. Wasu kuwa kowanne cuta ɗaya ya ɗauka ya bi ta. Masugul Lujaini a kan cututtukan ido ne. Al-Ƙaulul Mansur a kan magungunan basir ne. Al-Ƙaulus Sana a kan ganyen sana ne da yadda ake wanke ciki da shi. Akwai kuma risala a kan ciwon ƙoda da maganinsa.

Ku dubi cututtukan da ya zaɓa. Basir, ido, ciki, ƙoda. Ka shiga kasuwar Jimeta yau ko ka tsaya a tashar Ojoo a Ibadan, ka saurari lasifikar mai magani, ai su ɗin nan dai za ka ji ana kira. Abin da ke damun talaka ke nan tun shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma a kansa sarkin ya ɗora alƙalaminsa. Babban malami irinsa yana iya ƙare rayuwarsa a kan nahawu da tauhidi, ba wanda zai ce masa don me. Basir kuwa cuta ce da ko a yau dattijo ke jin nauyin ambatonta. Shi bai ji nauyin ba, domin ya san mutane na wahala da ita.

Ilimin da ya gina a kai ya fito daga kogi biyu. Na farko ɗibbun nabawi, wato abin da ya zo a hadisai game da magani, irin su zuma da habbatus sauda da ƙaho da ganyen sana. Na biyu ilimin likitocin Musulunci na da, wanda suka gada daga Girkawa suka faɗaɗa, wanda ke kallon jiki ta fuskar zafi da sanyi da danshi da bushewa. Aikin Bello shi ne ya tattaro abin da ke warwatse a manyan littattafan da ba kowa ke da su ba, ya tace, ya taƙaita, ya mayar da shi ɗan littafin da malami a Katsina ko Bauci zai kwafa da hannu cikin kwanaki ya yi aiki da shi. Ba shi kaɗai ba ne a gidan. Malam Abdullahi ya rubuta Masalihul Insan, wanda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki, Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan bayan rasuwar yayan nata.

A nan sai mu yi adalci. A zamanin Bello ba wanda ya san ƙwayoyin cuta, ko a Sakkwato ko a Landan. Sai bayan rasuwarsa da shekaru masu yawa su Pasteur da Koch suka tabbatar da su. Saboda haka ba duk abin da ke cikin waɗannan littattafai likitan yau zai sa wa hannu ba, kamar yadda ba zai sa hannu a littafin likitan Ingila na 1820 ba. Amma akwai abin da ya tsaya. Ganyen sana, wanda ɗan uwansa ke tsirowa a dajinmu muna kiransa filasko, yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana matse sinadarinsa a yi ƙwaya, a sayar a kemis don mai fama da taurin bayan gida. Bambancin ƙwayar da ƙullin da ake saya a tasha shi ne awo: an san nawa ke cikin kowace ƙwaya, an san kwana nawa ya kamata a sha, an kuma san cewa yawan shansa na zuƙe ruwan jiki ya kuma sangarta hanji.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, ya rubuta. Ya sa sunansa, ya faɗi inda ya ɗauko, ya bar abin a fili yadda wani malami zai duba ya ce nan daidai ne, nan akwai gyara. Da ya riƙe shi a matsayin sirrin gida, da ya bi shi kabari. Saboda ya rubuta, yau kwafin waɗannan littattafai na nan a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ku da ke Ibadan ma ba ku da nisa da irinsu, domin Jami'ar Ibadan na da tarin rubuce-rubucen Larabci na malaman Sakkwato tun shekarun 1950 da 1960. Masana irin su Farfesa Mukhtar Umar Bunza na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun yi shekaru suna nazarin wannan ɓangare na aikinsa.

Baƙo daga Ingila

A watan Maris na 1824 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato. Ta Tarabulus da Barno da Kano ya biyo, mutanenmu kuma suna kiransa Abdullahi. Waziri Gidado ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, shi ya sauke shi. Abin da Baturen ya rubuta game da zamansa da Sarkin Musulmi ya nuna mana Bello ta idon wanda ba almajirinsa ba.

Clapperton ya fito da kayan aikinsa: tabaron hangen nesa, da kamfas, da na'urar auna tsayin rana da taurari, da taswirar sama. Bello ya duba su ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar yadda kowanne ke aiki. Da aka shimfiɗa taswirar sama, sai ga shi yana kiran buruji da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Ya yi wa baƙon tambayoyi a kan ɗariƙun Kiristanci na da, har Baturen ya rasa amsa. Ya tambaye shi labarin yadda Ingila ta mamaye Indiya, da harin da jiragenta suka kai Aljeriya. Wato dai ya san da wa yake magana, ya kuma san haɗarin da ke tattare da su. Ya sa aka zana wa baƙon taswirar ƙasashe da hanyar kogin Kwara, aka buga ta a Landan a 1826.

Da Clapperton zai tafi, Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila, George na Huɗu. A cikin abubuwan da ya nema akwai makamai, akwai jakada, akwai kuma likita da zai zo ya zauna a ƙasarsa. Ku tsaya a kan wannan na ƙarshe. Mutumin da ya rubuta littattafan magani da hannunsa, ɗan Shehu Mujaddadi, bai ga kasawa ba a ce likitan da ba Musulmi ba ya zo a ƙaru da abin da ya sani. Ilimi a wurinsa ɓataccen kayan mumini ne, inda ya gan shi ɗauka zai yi.

Turawan sun amsa. A tafiya ta biyu Clapperton ya taho da likitoci biyu, Dakta Morrison da Dakta Dickson. A wannan karo ta ƙasar da kuke zaune suka shigo. Sun tashi daga Badagry a watan Disamba na 1825, suka ratsa ƙasar Yarabawa zuwa tsohuwar Oyo, wadda Hausawa ke kira Katunga, daga nan Busa, sannan Kano. Kafin watan ya ƙare zazzaɓi ya kashe Morrison da wani hafsa mai suna Pearce. Dickson kuwa ya sauka ta Dahomey, ya nufi arewa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Likitan da Bello ya nema bai taɓa isowa Sakkwato ba.

Littattafai dai sun iso. A cikin tsarabar akwai na Ibn Sina, akwai kuma littafin lissafin awon fili da kusurwa na Bagirken nan Yuklid, wanda Larabawa ke kira Iƙlidis, a fassarar Larabci. Clapperton ya ba da labarin cewa wata rana ya shiga ya tarar da Sarkin Musulmi yana karanta shi. Bello ya shaida masa cewa dā gidansu na da kwafi, wani ɗan uwansu ya taho da shi daga Makka, amma gobara ta cinye shi a shekarar da ta gabata. A lokacin nan fa ana cikin yaƙi da Gobirawa, ga rundunar Shehu Laminu na Barno ta doso Kano. A cikin wannan hali sarki ke zaune da littafin lissafi.

Yaƙin Barno ne ya ɓata tsakaninsu. Clapperton na ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Shehu Laminu, har da kayan yaƙi, Bello kuwa ya hana su wucewa. Baturen ya ji haushi ƙwarai. Ciwon ciki da zazzaɓi suka kwantar da shi, ya rasu ranar 13 ga Afrilu 1827, aka binne shi a wajen Sakkwato. Yaronsa Richard Lander ne ya koma da takardunsa.

Kasuwa, ganuwa da baitulmali

Irin wannan tunani na mayar da ilimi aiki bai tsaya a kan magani ba. A Usulus Siyasa, risalar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa wa mai mulki ayyukan da ke wuyansa na duniya. A ciki ya ce ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa da mahauta da masu magani, ya kuma tabbatar kowane gari ya samu rabonsa daga cikinsu. Ya umarce shi da gina ganuwa da gadoji, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, da tanadin abinci. Da yaren yau, wannan tsarin rarraba ma'aikatan lafiya da masu fasaha ne zuwa karkara. Mu da muke ganin asibitin ƙauye babu likita, likitocin duk sun taru a birni ko sun haye jirgi, mun san ba ƙaramar magana ba ce.

Ya aikata abin da ya faɗa ta hanyar ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka. Wurno, wadda ya mayar mazauninsa, ita ce babba a cikinsu. Ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna a irin waɗannan garuruwa, su koyi noma, su sa yara karatu, su ƙara da kiwon dawaki da raƙuma da tumaki. Matsalar da muke kira rikicin manoma da makiyaya, wadda ku a Kudu kun san yadda take shafar zamanku da maƙwabta, shi ma ya gan ta, ya kuma nemi maganinta ta hanyar zaunar da mutane da ba su abin yi.

A ɓangaren dukiya ya rubuta Tanbihus Sahib, a kan hukunce-hukuncen neman abinci da darajar cin guminka. Masu tarihin Sakkwato sun ruwaito cewa shi kansa daga abin da ya nema yake ci, ba ya ɗora cikinsa a kan baitulmali. Zaman lafiyar da aka samu a tsakiyar daular ya sa saƙa da rini na Kano suka bunƙasa, fatake suka riƙa kai shuni da kanwa Gwanja da Nufe da Ilori suna dawowa da goro. Hanyoyin nan su ne kakannin hanyoyin da suka kai iyayenmu Sabo da Agege.

Tarihi ba ya son a ɓoye rabinsa. Tattalin arzikin daular ya dogara ƙwarai da bayi, a gona da rinji da ribaɗi, kuma yaƙe-yaƙen zamanin sun raba mutane da yawa da garuruwansu. Mu a Adamawa, inda ƙabilu da dama ke riƙe da nasu labarin wannan zamani, mun san haka. A wasiƙarsa zuwa Ingila Bello ya amince a hana kai bayi bakin teku, amma bautar cikin gida ta ci gaba har bayansa da shekaru masu yawa. Faɗin wannan ba ya rage darajar iliminsa. Yana tuna mana ne cewa mutum ne a cikin zamaninsa.

Abin da ya biyo ta Binuwai

Nan inda nake rubutu yana cikin ƙasar da Bello ya shugabanta daga nesa. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu a 1809, ya kafa Fombina, kuma shekara ashirin na mulkinsa a ƙarƙashin Bello ya yi su, wasiƙu na kai da komo tsakaninsu. Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837 yana da shekara 56, a can kuma kabarinsa yake. Ƙaninsa Abubakar Atiku ya gaje shi. Bayan shekara huɗu, a 1841, Modibbo Adama ya kafa Yola.

Kogin da ke gefenmu nan Jimeta ya ga ƙarshen labarin likitocin da suka mutu a hanya. Zazzaɓin cizon sauro shi ne ganuwar da ta daɗe tana tare Turawa a bakin teku. Suna da ɓawon wani itace daga Kudancin Amurka da aka daɗe ana jiƙawa don zazzaɓi. A 1820 wasu masu haɗa magunguna biyu a Faransa suka ware sinadarin da ke aiki a cikinsa, shi ne kwinin. Likitocin sojan ruwan Ingila suka riƙa rubuta wa ya sha, nawa ya sha, wa ya kamu, wa ya tsira, har suka gane cewa a sha shi kullum tun kafin a kamu ya fi a jira sai an kwanta. A 1854 wani likita, William Baikie, ya hau Kwara da Binuwai da jirgin ruwa mai suna Pleiad, ya sa mutanensa shan kwinin kowace rana. Sun yi kusan wata huɗu a kogi, suka iso har yankin Muri, suka koma ba wanda ya mutu. Shekara 29 kacal tsakanin wannan da mutuwar su Morrison.

Daga nan kogi ya buɗe. Jiragen kamfani suka biyo, bayansu na soja. A watan Satumba na 1901 ta Binuwai aka zo aka ci Yola a zamanin Lamido Zubairu, a watan Maris na 1903 kuma Sakkwato ta faɗi. Bindiga ta yi nata aikin, amma sassaƙen itace da aka auna, aka gwada, aka rubuta, shi ya fara share mata hanya. Mu ma muna da sassaƙe, muna da marubuta. Abin da ya yanke mana shi ne matakin da ke bin rubutu, wato gwaji da ƙididdiga, da ɗora sabon sani a kan na jiya.

Abin da ya rage mana

Wannan mataki ba gagararre ba ne. A ƙasar Sin, wata mai bincike, Tu Youyou, ta koma kan wani littafin magani da aka rubuta wajen shekara 1,600 da suka wuce, ta ga an ce a jiƙa wani ganye dangin tazargade a ruwa a matse, ba a ce a dafa ba. Ta gane cewa zafi ne ke lalata sinadarin, ta canza hanyar tacewa a farkon shekarun 1970, aka samu maganin zazzaɓin da yau ke cikin irin su Coartem. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. A gida Nijeriya ma an yi. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya daga garin Oyo, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace guda, ta auna, ta gwada a kan masu sikila a shekarun 1990, aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Shi ne Niprisan. Harkar sarrafa shi ta sha tangarɗa daga baya, amma ya nuna cewa ƙullin gargajiya na iya shiga ɗakin gwaji ya fito da mutuncinsa, mai shi kuma a san da haƙƙinsa.

Gwaji yana kuma nuna abin da ya kamata a bari. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa a cikin idanun da aka yi wa aikin yana, sama da kashi 40 cikin 100 aikin gargajiya aka yi musu, wato a tura yanar cikin ido da ɗan tsinke, kuma mafi yawansu ba su rabu da makanta ba. Alhali aikin asibiti na 'yan mintoci ne, a cire yanar a sa gilashi a ciki, ana yinsa a Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano da manyan asibitocin Kudu. Haka abin da muke tarawa mu kira basir. Jini a bayan gida wani lokaci basir ɗin ne, wani lokaci kuwa alamar sankarar hanji ce, wadda idan an gano da wuri ana iya ceto mutum. Wanda ya yi shekara yana shan jiƙo a galan bai je an duba shi ba, lokacinsa yake ƙonawa. Likitocin ƙoda kuma sun daɗe suna kokawa kan haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba. Sarkin da ya aika har Ingila neman likita, ban ga yadda za a fake da sunan gado irin nasa a hana mara lafiya zuwa asibiti ba.

Don haka ga roƙona. Mai magani, ka samu littafi ka rubuta abin da kake haɗawa, da awonsa, da wanda ka ba, da yadda ya ƙare, da boko ko da ajami. Abin da ya fi ƙarfinka ka tura asibiti, ba a nan girmanka zai zube ba. Ku da ke Legas, hukumar bunƙasa magungunan gargajiya ta ƙasa a garinku take, ofisoshin NAFDAC ma suna kusa, ƙungiyoyinku na iya zuwa a jam'i su nemi a gwada musu kaya. Sarakunan Hausawa da masu hannu da shuni, a cikin kuɗin da ake kashewa a bikin naɗi da walima a ware na ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a fannin haɗa magunguna. Ɗalibanmu kuma da suka haɗa allo da boko, ku ne kuka fi kowa dacewa da wannan aiki, domin littattafan Bello da Larabci suke, ɗakin gwaji kuma da Turanci yake magana. Nan Yola muna da jami'ar da ke ɗauke da sunan Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, ga asibitin koyarwarta. A Sakkwato akwai wadda ke ɗauke da sunan Shehu. Ɗalibin da ya ɗauki littafi ɗaya daga cikin na Bello, ya fassara shi da Hausa, ya gano kowane tsiro da aka ambata, ya kai shi gwaji, ya faɗa mana wanne ke aiki wanne ke cutarwa, ya yi wa sarkin hidimar da ta fi yabon baki.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Ya kai haske kabarinsa. Ku kuma Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya ba da kasuwa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.